Daga rumbun hatsi zuwa kwamfuta: Sana'ar karanta ƙwayoyin halitta na jiran matasan Maraɗi

Idan kaka ta yi a ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey da ke gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, manomi ba ya zuba hatsinsa duka a rumbu. Sai ya ware zangarniyoyin da suka fi cika, waɗanda suka riga sauran nuna, ya ɗaure su daban domin irin baɗi.

Haka ake yi tun kaka da kakanni daga Mayahi har Tasawa, a ƙasar jigawa inda damina ke da gajarta. Sai dai yanzu masana na iya ganin sakamakon wannan zaɓe a cikin ƙwayoyin halittar hatsin kansa, kuma karanta shi ya zama sana'ar da ake neman masu ita ruwa a jallo.

Abin da hatsin Nijar ya nuna

A shekarar 1976 masu bincike sun tattara irin hatsi daga ƙauyukan Nijar suka adana. A 2003 aka koma ƙauyuka 79 aka sake ɗibar iri, sannan aka shuka tsoho da sabo wuri guda domin a gwada.

Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa bayan farin shekarun 1970 da 1980, hatsin manoma ya koma saurin fitar da kai, zangarniyarsa kuma ta rage tsawo. Wata ƙwayar gado mai suna PHYC na da hannu a ciki: nau'inta mai sa hatsi saurin fure ya ƙaru kusan ninki biyu a gonaki.

Ɗan Nijar ne, Abdoul-Aziz Saïdou, ya jagoranci binciken 2009 da ya alaƙanta wannan ƙwaya da lokacin furen hatsi, tare da masanan cibiyar IRD ta Faransa. Daga baya ya yi aiki a jami'ar Maraɗi.

A 2017 ne aka wallafa cikakken kundin halittar hatsi a ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT, mai reshe a Sadoré kusa da Yamai. Kundin na ɗauke da haruffa kusan biliyan 1.8 da ƙwayoyin gado sama da 38,000. Bayan shekara biyu aka fitar da na wake, kuma irin da aka karanta cibiyar IITA ce ta samar da shi a Najeriya, mai jure wa ƙuduji.

Mene ne aikin?

Kowane abu mai rai na ɗauke da bayanin halittarsa a rubuce da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Na'urar da ke karanta su ba ta fitar da su a jere, sai dai guntu-guntu, miliyoyi, kamar littafin da aka yayyaga aka watsa.

Mai haɗa guntayen nan da kwamfuta, ya kwatanta su da na wasu, ya gano inda harafi ya canza da abin da canjin ke nufi, shi ne masanin fannin da ake kira bayo'infomatiks. Rabin aikinsa ilimin halittu ne, rabi lissafi da rubuta manhaja.

Karanta kundin halittar ɗan Adam na farko, wanda aka kammala a 2003, ya ci kusan dala biliyan 3. Yau bai kai dala 1,000 ba, har akwai na'urar MinION da ba ta kai girman wayar hannu ba. Da farashi ya faɗi, sai bayanai suka taru fiye da masu iya fassara su. A nan guraben aikin suke.

Darasin sanƙarau

Ba a gona kaɗai ake buƙatar wannan ilimi ba. A 2015 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 8,000 a Nijar, ta kashe fiye da 500. Nau'in C ne ya haddasa ta, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne.

Da aka karanta kundin halittar ƙwayar cutar, sai aka ga sabuwa ce, wadda aka fara gani a arewa maso yammacin Najeriya a 2013. Masana sun gano cewa asalinta ƙwaya ce da ke zaune a maƙogwaron mutane ba tare da cutarwa ba, kafin ta samu wasu ƙwayoyin gado da suka mayar da ita mai kisa. Ita ce ta sake ɓarkewa a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017.

Irin wannan sa ido na cikin abin da ke nuna wa hukumomi rigakafin da ya dace su nema. A 2024 Najeriya da Nijar suka zama na farko da suka fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i biyar na sanƙarau. A Nijar, cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke tantance samfuran cutar.

A lokacin korona ma, cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ce ta fara karanta kundin ƙwayar cutar a Afirka, a watan Maris na 2020. A Oktoban shekarar hukumar Africa CDC ta ƙaddamar da shirin wadata ƙasashen nahiyar da na'urori da horo.

Ta ina ake shiga?

Ƙofofin biyu ne. Wanda ya karanta ilimin halittu, noma, likitanci ko aikin ɗakin gwaji sai ya koyi kwamfuta. Wanda ya karanta lissafi ko kwamfuta kuma sai ya koyi ilimin gado. Duka biyun suna buƙatar tsarin Linux, harsunan manhaja na Python da R, ƙididdiga, da Turancin Ingilishi, tunda da shi ake rubuta yawancin binciken. Ga ɗalibin da ya tashi da Faransanci, wannan na ƙarshe ba ƙaramin aiki ba ne.

Digirin farko ana iya yin sa a gida, a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ko Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Cibiyar binciken noma ta INRAN na da tasha a Tarna, a bakin Maraɗi, inda ɗalibi zai ga yadda ake gwajin iri.

Don ƙaro ilimi, jami'ar kimiyya ta Bamako na ba da digiri na biyu a wannan fanni. Cibiyar WACCI ta Jami'ar Ghana na horas da masu inganta iri har matakin dakta tun 2007. A tsallaken iyaka akwai Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Ba sai an jira gurbin karatu ba. Rumbun bayanai na NCBI a Amurka a buɗe yake kyauta, kundin hatsi da na wake suna ciki, kuma dandalin Galaxy na bai wa mutum damar yin nazari ta intanet ko da kwamfutarsa ba ta da ƙarfi.

Inda gizo ke saƙar

Guraben dindindin a cikin gida ba su da yawa. Mafi yawan ayyukan na kwantiragi ne, sun dogara da tallafin ƙetare, wanda kan zo ya ƙare. Babban shirin H3Africa, da ya horas da ɗimbin matasan nahiyar, ya kammala wa'adin tallafinsa na shekara goma a 2022.

Ga kuma matsalar wuta da intanet. Aikin da kwamfuta za ta kwana tana yi, ɗaukewar wuta ɗaya kan mayar da shi baya. Saboda haka da yawa daga waɗanda suka ƙware kan zarce Turai ko Amurka, inda asibitoci da kamfanonin magani da na iri ke ɗaukar su.

Amma sana'ar na da wani sauƙi da aikin likita ko malamin gona ba su da shi: ana yin ta daga nesa. Ɗan Mayahi da ke Montreal ko Lyon na iya nazarin bayanan hatsin garinsu, ya duba aikin ɗalibi a Maraɗi, ba tare da ya hau jirgi ba.

Tambayar da ta rage ita ce ta mallaka. Har yanzu ’yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ba, don haka gwaji ko maganin da aka gina kan bayanan Turawa ba lalle ne ya dace da mai sikila a Tasawa ba. Haka irin da manoman El Allassane Maïreyrey suka daɗe suna tacewa: muddin babu ’yan ƙasa masu iya karanta shi, wasu ne za su karanta, su kuma yanke shawarar abin da za a yi da shi.