Tagogin Kwamfuta Masu Jera Kansu

Duk mai aiki da kwamfuta ya san wannan 'yar wahalar. Kana rubutu, ka buɗe burauza don duba wani bayani, sai ta rufe maka takardar. Ka ja wannan taga gefe, ka rage girman waccan, ka shiga laluben ta uku da ta ɓuya a ƙarƙashi. Sabo ya sa mun ɗauka haka kwamfuta take. Alhali kuwa akwai wani tsari da babu tagar da ke hawa kan 'yar'uwarta. Ka buɗe manhaja ɗaya, ta cika fuskar kwamfutar. Ka buɗe ta biyu, fuskar ta rabu gida biyu. Ka ƙara ta uku, a yanka mata nata rabon. Haka za su jeru kamar tayil a daɓen ɗaki, ba giɓi, ba cunkoso, kuma ba kai ne ka sha wahalar jera su ba.

Tsarin ba sabo ba ne. Windows na farko da kamfanin Microsoft ya fitar a 1985 haka yake jera tagoginsa. Sai a 1987, da Windows 2.0 ya fito, aka ba su damar hawan juna, duniya kuma ta bi wannan hanya. Masu amfani da Linux ne suka farfaɗo da tsohon tsarin. A 2000 Tuomo Valkonen ya fitar da manhajar jera tagogi mai suna Ion, dwm ta biyo baya a 2006, xmonad da awesome a 2007, sannan Michael Stapelberg ya fara i3 a 2009. Masu dwm kam 'yan ra'ayin riƙau ne: in kana son sauya ko da launi ne, sai ka gyara rubutun manhajar da kanka ka sake haɗa ta.

I3 ce ta fi sauƙin shiga ga sabon hannu. Aikinta kusan duk a kan madannai yake. Akwai maɓalli guda da za ka zaɓa, ko Alt ko mai tambarin Windows, shi ne jagora. Ka danna shi tare da Enter, tagar ba da umarni ta buɗe. Ka haɗa shi da harafin d, ka rubuta sunan manhajar da kake so, ta fito. Ka haɗa shi da lamba, daga 1 zuwa sama, ka koma wani filin aikin daban. A ganina nan ne daɗin abin yake, fiye ma da jeren kansa. Mutum ya ajiye rubutunsa a fili na 1, burauza a na 2, saƙonni a na 3. Bayan 'yan kwanaki yatsu sun haddace inda kowane abu yake, ido ya daina nema, hannu ya daina kai-komo tsakanin madannai da linzami. Ga i3 kuma ba nauyi, abin da zai yi wa mai tsohuwar kwamfutar gwanjo daɗi.

Amma kada a yaudare ka da hotunan da masoya tsarin ke yaɗawa. Ranar farko fuska ce wayam za ta tarbe ka, ba gumaka, ba inda za ka latsa. Abubuwan da ka saba samu a shirye, irin su daidaita ƙarar sauti da haɗa wayifai, sau da yawa sai ka nemo musu manhaja ka saita. Ƙaramar fuska ma ba ta son taga huɗu. Biyu sun ishe ta. Wasu kuma sukan shafe makonni suna ƙawata tsarin, aikin da suka zo yi yana jiran su.

Manyan kamfanoni ma sun dawo kan hanyar a hankali. Windows 7 ya kawo jan taga zuwa gefe ta kama rabin fuska a 2009, Windows 11 ya ƙara tsare-tsaren jeri a 2021, Apple ya saka irinsa a macOS Sequoia a 2024. Don haka ba sai ka sauya zuwa Linux ba kafin ka ɗanɗana. In Windows kake amfani da shi, riƙe maɓallin mai tambari ka danna kibiyar hagu, tagar za ta kama rabin fuska. Zaɓi ta biyu ta cike ɗaya rabin, ka yi aikin yini guda a haka.