Idan Harshe Ya Ƙi Bin Mai Shi

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Douala, ya san ɗan kasuwa a nan ba ya wuni da harshe guda: Hausa a gida da majalisa, Fulatanci da baƙin arewa, Faransanci a ofis, buroka a kasuwa, Larabci kuwa a sahun salla. Saboda haka idan wata lalura ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ko jijiya ta toshe ko ta fashe sanadiyyar hawan jini, ko bensikin, wato babur ɗin haya, ya kayar da shi kan kwalta alhali babu hular kwano, ko ƙari ya tsiro sannu a hankali yana danne abin da ke kewaye da shi, to, hasarar takan zo da siga mai rikita iyali matuƙa.

Sai ka ga dattijo yana nuna buta, ya san ta sarai, amma sunanta ya ƙi fitowa, ko ya ce "takalmi", ya ji da kunnensa ya yi kuskure, hawaye su cika masa ido. Amma da an tayar da iƙama sai ya kawo Fatiha tiryan-tiryan. A nan ne mutane kan yanke hukunci cewa iska ce ko sammu, domin a ganinsu wanda ya iya karatu ba zai kasa neman ruwa ba. Haƙiƙanin al'amarin shi ne, abin da aka haddace tun yarinta, aka maimaita dare da rana, hanyarsa a ƙwaƙwalwa daban take da ta zancen da mutum ke ƙagowa nan take, ɗaya tana iya tsira ɗaya ta lalace.

Tun a zamanin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, malaman ɗibbu sun danganta shanyewar ɓarin jiki da ƙwaƙwalwa, amma sai a 1861 Paul Broca, a Faransa, ya bincika ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya yi shekara da shekaru ba ya iya furta kome sai "tan", ya tarar da illar a gaba ta ɓangaren hagu. A 1874 Carl Wernicke, Bajamushe, ya bayyana wani nau'in lalurar, inda magana ke zuba ba ma'ana, fahimta kuma ta raunana. Da yake hagun ƙwaƙwalwa ke mulkin daman jiki, shi ya sa ɗaukewar magana ta fi zuwa tare da mutuwar hannun dama. Abin da ya fi shafar mutanen New Bell kuwa shi ne binciken Albert Pitres na 1895, wanda ya lura cewa ga mai harsuna da yawa, sau da yawa wanda ya fi amfani da shi kafin ciwo ne ke fara dawowa, ko da ba shi ya sha a nono ba. Don haka ina ganin wajibi ne iyali su shaida wa likita dukkan harsunan majinyaci, kada a auna Bahaushe da Faransanci kaɗai.

Addu'a ba ta hana neman magani. Idan baki ya karkace, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, ko wanda ya faɗi a babur ya shiga amai da barci mai nauyi, a garzaya da shi asibitin Laquintinie ko Babban Asibitin Douala a ɗauki hoton kai, domin idan jijiya ce ta toshe, maganin narkar da gudan jini, inda ake samunsa, cikin awa 4 da rabi na farko ake bayarwa. Bayan an dawo gida kuma, 'yan'uwa, kada ku riƙa zancensa a gabansa kamar ba ya nan, domin galibi hankalinsa yana tare da shi. Ku zauna da shi, ku taƙaita jimla, ku jira ya amsa.