Na'urar Maimaita Kira Ta Wayar Tarho: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ko wane malamin ofis ya san wahalar neman lambar da wani ya riga ya kama. Labarin gaggawa ya kan taso a Jibiya ko Mashi ko Malumfashi, na gobara ko ambaliya ko ciwon shanu, ana so a sanar da Fada a Gidan Korau nan da nan, amma duk sa'ad da aka buga sai a tarar ana magana a kan layin. Domin rage wannan wahala ne masu ƙera tarho suka sa masa dabarar maimaita kira. Ya kamata ko wane Hakimi da malaminsa su san yadda ta ke aiki, da kuma inda iyakarta ta tsaya.

Asalin abin

A da, mai son magana ya kan ɗaga kan waya ya faɗa wa ma'aikacin gidan waya sunan wanda ya ke nema, shi kuwa ya haɗa su da hannu. In layi ba sarari, ma'aikacin ne zai sake nema. A cikin 1891 wani Ba'amurke mai suna Almon Strowger ya sami takardar mallakar wata na'ura mai haɗa waya da kanta. Da irin wannan na'ura ta bazu, sai aikin sake nema ya koma kan yatsan mai kira.

A zamanin kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, mai neman Katsina daga wani gari sai ya fara da 065, mai neman Kano 064, mai neman Kaduna 062. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, har ya zama galibin wayoyin tebur na ofis da na gida da katin sim su ke aiki, ba da igiya ba. Lambar salula kuwa alƙaluma 11 ce, saboda haka mai bugawa da hannu cikin gaggawa ba wuya ya yi kuskure.

Iri biyu ne

Na farko maɓalli ne, galibi an rubuta Redial a kansa. Wayar ta kan riƙe lambar ƙarshe da aka buga, in an danna shi sai ta sake buga ta sau ɗaya.

Na biyu shi ne mai aiki da kansa. In an kunna shi, wayar ce za ta gane cewa kira bai shiga ba, ta dakata kaɗan, ta sake nema ba tare da an taɓa ta ba. Amma fa an yi mata linzami. Bisa ƙa'idar wayar salula ba ta wuce sau 10: maimaicin farko bayan daƙiƙa 5, uku na biye bayan minti ɗaya ɗaya, sauran kuwa bayan minti uku uku. In lambar babu ita sam, sau ɗaya tak ta ke maimaitawa.

Dalilin wannan linzami shi ne, ko wane turken sadarwa yana da iyakar maganar da zai ɗauka a lokaci guda. Ranar Hawan Salla, sa'ad da jama'a suka cika Ƙofar Soro, kowa na neman ɗan'uwansa, hanya ta kan toshe. In ko wace waya ta dinga bugawa ba hutu, sai cunkoson ya ƙaru, har mai neman likita ya rasa hanya.

Ƙa'idodin da za a kiyaye

1. A duba lambar da ke kan allon waya kafin a danna. Wayar lambar ƙarshe kaɗai ta sani. In masinja ya kira gidansu bayan malami ya tashi, to, maganar da aka yi nufin Fada can za ta tafi. Lalle kuwa a tambayi sunan wanda ya ɗauka kafin a faɗi wani abu na asiri.

2. Kada a kunna ta a tashi. In kira ya shiga babu kowa kusa, an tsare layin wani a banza, kuɗi na tafiya, kuma rashin ladabi ne a ce babba ya ɗauka ya ji shiru.

3. A rubuta saƙo tukuna: abin da ya faru, da wuri, da lokaci, da abin da a ke bukata. Hanyar da aka samu da ƙyar ba a ɓata ta da kame-kame.

4. In wayar na ƙara ba a ɗauka ba, kada a yi ta maimaitawa, musamman lokacin salla ko da tsakar dare, sai fa in rai ne ke cikin haɗari.

5. In wayar ta cika sau 10 ba ta samu ba, a sake hanya. A nemi wata lamba ta ofishin, ko a aika da rubutaccen saƙo ta waya, ko a tashi ɗan aike. In al'amarin na gobara ne ko haɗari, lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

6. A shigar da ko wane kira na hukuma cikin littafin ofis, da lokacinsa, da sunan wanda ya karɓa, har da wanda aka nema ba a samu ba. Wannan ne shaidar malami ranar da aka tambayi dalilin jinkiri.

7. A tuna cewa duk wanda ya shiga ofis yana iya ganin lambar ƙarshe. In an gama magana mai nauyi, a kulle wayar ko a kulle ɗakin.

Na'urar nan ta ɗauke wa malami gajiyar yatsa, amma alhakin isar da labari yana nan a wuyansa, shi da Hakiminsa. Aiki da hankali ya fi aiki da agogo. Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan takarda ga dukan ma'aikatan ofisoshinsu, sa'an nan a ajiye ta kusa da waya.