Ɗora Manhaja a Kan Ƙananan Ƙwayoyin Sarrafawa: Tsakanin Soket da Mahaɗar Kan Allo

Ƙwayar sarrafawa, wadda masu fasahar lantarki ke kira maikurokwanturola, ba ta tsinana komai sai an ɗora mata manhaja. A da, yawancin waɗannan ƙwayoyi suna zuwa ne da dogayen ƙafafu masu tazarar milimita 2.54 a tsakaninsu, don haka sai a cusa ƙwayar a soket, a ɗora manhajar, a zare ta a mayar kan allo. Ƙwayoyin da ake liƙawa da dalma a fuskar allo sun sauya wannan tsari. Misali, ATmega328P ta kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saya a 2016, tana da siga mai ƙafafu 32 da tazarar milimita 0.8 kacal. Ƙafa irin wannan ba ta shiga rami, kuma ɗan dannawa da yatsa ya isa ya lanƙwasa ta. Hanyoyi biyu ne suka rage: ko a ɗora manhajar kafin a liƙa ƙwayar, ko a tanadi hanyar isa gare ta bayan an liƙa.

Hanya ta farko ita ce soket na musamman, mai murfi ko mai matsewa, wanda ke riƙe ƙwayar ya fitar da ƙafafunta zuwa tazarar da na'urar ɗorawa ta saba da ita. Amfaninsa a fili yake: ba ya cin wuri a kan allo. Sai dai kowace siga da nata soket, kuma a nan ne masu saye ke yawan tafka asara. ATtiny85 mai ƙafafu takwas faɗin jikinta ya kai kimanin milimita 5.3, alhali ƙwayoyi da dama masu ƙafa takwas faɗinsu milimita 3.9 ne. Sunan sigar kusan ɗaya ne, tazarar ƙafafun ma ɗaya ce, wato milimita 1.27, amma soket ɗin ƙarama ba zai karɓi babba ba.

Hanya ta biyu ita ce a bar mahaɗa mai fil shida a kan allon, layi biyu, uku-uku. Biyu daga ciki na wuta ne da ƙasa, uku na musayar bayanai ne, wato MOSI da MISO da SCK, na shida kuwa RESET ne. Na'urar ɗorawa, kamar USBasp, takan ja RESET ƙasa ta dakatar da ƙwayar, sannan ta aika mata umarni. Tun da waɗannan ƙafafu uku sukan yi wani aikin a allon, duk na'urar da ke jone da su tana iya dagula saƙon. Shi ya sa ake sanya rizista tsakanin layukan da sauran kayan. Haka kuma, tura bolt 5 zuwa allon da aka tsara kan bolt 3.3 na iya ƙona wani abu da ke gefe ko da ita ƙwayar ta tsira.

Akwai kuma batun agogo, wanda ya fi rikita sabon hannu. Dole ne saurin SCK ya gaza rubu'in saurin agogon ƙwayar. Sabuwar ATmega328P tana fitowa daga masana'anta da agogon ciki na megahaz 8 wanda aka raba gida takwas, ya koma megahaz 1. Ke nan sai SCK ya yi ƙasa da kilohaz 250 kafin ta amsa. Ƙwayoyi da yawa da ake yanke wa hukuncin sun mutu lafiyarsu ƙalau, magana ce kawai aka yi musu da gaggawa.

Haɗarin gaske yana cikin saitin da ake kira fiyus. Ba wayar da ke tsinkewa ba ce. Wasu alamomi ne da ke tantance inda agogo zai fito da kuma aikin wasu ƙafafu, kuma goge manhaja ba ya goge su. Abin da ke ƙara rikitarwa shi ne sifili ke nufin an kunna, ɗaya kuma an kashe. Idan aka umarci ƙwayar ta yi amfani da kiristal na waje alhali tana cikin soket da babu kiristal, sai ta yi shiru, domin ba ta da agogon da za ta saurari umarni da shi. Maganin wannan mai sauƙi ne: a jona mata kiristal. Wanda ya fi muni shi ne kunna RSTDISBL, da ke mayar da RESET ƙafar aiki ta yau da kullum. Daga nan mahaɗar fil shida ta tashi aiki, sai an bi ta hanyar sanya bolt 12 a kan RESET. A ATmega328P wannan hanya na buƙatar ƙafafu da yawa a lokaci guda, abin da ba kasafai yake yiwuwa a kan allon da aka gama haɗawa ba. Sai a ɗaga ƙwayar da iska mai zafi a kai ta soket, tare da fargabar ɓanɓare layukan tagulla.

Duk da haka, ga allon da ake kan gwadawa, mahaɗar kan allo ta fi dacewa nesa ba kusa ba, domin manhaja ba ta fita daidai a karon farko, kuma ma'ajiyar ƙwayar tana jure gogewa da sake rubutu har sau 10,000. Inda wuri ya yi ƙaranci, ana barin ɗigogin tagulla kawai a danna musu fil masu sifirin na ɗan lokaci. Sababbin ƙwayoyi ma sun rage wahalar: tsarin UPDI na Microchip waya ɗaya yake buƙata ban da wuta da ƙasa, SWD na ƙwayoyin ARM kuwa biyu.