Daga Bakin Tafkin Kainji Zuwa Birazil

Yau mun nufi ƙasar Yauri, amma maganar za ta kai mu har ƙetaren tekun Atlantika.

In an tambayi ɗalibin jami'a a Arewa inda yake burin ƙaro karatu, amsar ba ta cika wuce Ingila, Amurka, Malesiya, Masar ko Saudiyya ba. Da wuya a ji ya ce Birazil, sai dai in zancen ƙwallo ake yi. Amma ga ɗan Yelwa, ko Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski, ko Shanga, wanda ya tashi yana ganin koma da birgi suna shan iska a bakin ruwa, yanzu kuma yake karatun kiwon kifi ko aikin gona a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Aikin Gona ta Zuru, akwai dalilin da zai sa ya sake duba taswira.

Dalilin farko yana cikin ruwan garinsu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da tsohuwar Busa, aka tashi dubban Gungawa da maƙwabtansu zuwa sababbin matsugunai, tafkin da ya wuce murabba'in kilomita 1,200 ya zama rumbun abincin yankin. Giwan ruwa, tarwaɗa, karfasa, ana kamawa, ana banda, ana lodi zuwa kudu. Sai dai masunta sun daɗe suna kukan cewa kamun ya ragu, Najeriya kuma har gobe tana sayo daskararren kifi daga waje.

To, karfasar nan da 'yan Yauri suke ganin ba wata tsiya ba ce, a 1971 aka ɗauki irinta daga Kodebuwa aka kai arewa maso gabashin Birazil. Yau Birazil tana cikin manyan ƙasashen da suka fi kiwon karfasa a duniya, kuma wani kaso mai yawa a cikin keji ake kiwata, a kan ruwan madatsun lantarki irin namu. Hukumar binciken aikin gona ta ƙasar, Embrapa, wadda aka kafa a 1973, tana da cibiya guda ta kifi a garin Palmas. Jami'ar UNESP tana da cibiyar kiwon kifi a Jaboticabal. Zafin ƙasarsu da damunarsu sun fi kama da namu nesa ba kusa ba a kan sanyin Ingila. Ɗalibin da ya yi aikin sanin makama a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta Sabuwar Busa zai gane abin da yake gani a can tun ranar farko.

Dalili na biyu aljihu ne. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin makarantar Ingila ya fi ƙarfin yawancin iyaye, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da tallafin BEA da ke kai ɗalibai ƙasashe irin su Rasha da Maroko. Su kuwa jami'o'in gwamnatin Birazil ba a biyan kuɗin karatu. Tun 1965 ƙasar take da shirin PEC-G na digirin farko ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, Najeriya na ciki. A 1981 aka ƙara PEC-PG na digiri na biyu da na uku, wanda har alawus na wata-wata ake bayarwa.

Sai dai fa akwai sharaɗi, kuma a nan gizo yake saƙa. Da Fotugis ake karatu. Akwai jarrabawa mai suna Celpe-Bras da aka fara a 1998, ba ta canki-canka ba ce. Ana kunna wa mutum bidiyo da sauti, a ba shi rubuce-rubuce, ya zauna awa uku yana rubuta amsa, sannan ya yi minti ashirin yana hira baki da baki da mai jarrabawa. Wanda ya haddace gaisuwa kawai a manhajar waya, a nan asirinsa zai tonu.

Ina ɗan Shanga zai koyi wannan harshe? Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta daɗe tana koyar da shi, haka Jami'ar Jihar Legas. Duk suna kudu, tafiyar yini guda cur daga Yauri. Abin da ya rage masa shi ne waya da data, da neman inda sabis ya fi ƙarfi, ga kuma caji, a ƙasar da madatsar lantarki take maƙwabtaka da ita amma wutar sai ta ga dama. Masu shiga digirin farko suna da ɗan sauƙi, domin ana iya ba su gurbin shekarar koyon harshe a can Birazil kafin su zauna jarrabawar.

Harshen kansa bai kai yadda ake tsoronsa ba. Da baƙaƙen boko ake rubuta shi. Yana raba namiji da mace a sunaye da sifofi, abin da Bahaushe ya sha a nono, Bature ɗan Ingila kuwa sai ya yi gumi kafin ya saba. Wahalar tana wajen wasulan da ake fitarwa ta hanci, da aikatau mai sauya kama da kowane lokaci da kowane mai aiki. Ɗan Yauri da ya tashi da Hausa a kasuwa, Gunganci ko Kambarci a gida, Larabci a makarantar allo, Turanci a boko, ba baƙon ɗaukar harshe ba ne. Wanda ya iya kuma ba Birazil kaɗai ya samu ba. Mutane sama da miliyan 250 suke magana da shi, da shi ake mulki a Angola da Mozambik da Gini Bisau, yana kuma cikin harsuna uku na aikin ECOWAS.

Wani abin da ba a cika faɗa a ajin tarihi ba, ba yau Hausawa suka fara taka Birazil ba, sai dai na farkon a cikin sarƙa suka je. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa da yawa hannun fataken bayi, aka sauke su a Bahia. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador. A watan Janairun 1835, cikin azumi, bayi Musulmi, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da ake kira na Malê, aka tsinci layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Bayan haka ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya riƙa zama da bayi Hausawa yana tambayarsu garuruwa da kogunan ƙasarsu, ya buga littafi a 1851. Takardun shari'ar boren suna nan a ɗakin adana tarihi na Bahia, da Fotugis aka rubuta su, suna jiran ɗalibin tarihi da zai karanta su da idon Bahaushe.

Mu dawo kan lissafi. Karatu kyauta ba ya nufin zama kyauta. Mai neman PEC-G sai ya kawo wanda zai sa hannu cewa ya ɗauki nauyin ci da haya, ga tikitin jirgi, ga zirga-zirgar ofishin jakadancin Birazil a Abuja. Masunci ko manomin albasa ba zai iya wannan shi kaɗai ba. A nan ne hukumar tallafin karatu ta Jihar Kebbi da attajiran yankin za su iya shigowa, tunda ciyar da ɗalibi a inda babu kuɗin makaranta ya fi arha ƙwarai a kan biyan fam na Ingila. Masarautar ma ba baƙuwar wannan zance ba ce, domin Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gadon sarauta.

Shirin PEC-G kuma manufarsa ita ce wanda ya gama ya koma ƙasarsa. Mai niyya sai ya fara da ofishin jakadanci don sanin lokacin buɗe neman gurbi na bana, ya kuma ba harshen aƙalla shekara guda kafin ya tunkari jarrabawa.