Koya wa Ɓeran Kiwo Wasan Ɗauko Abu

Gabatarwa

A wurin Bahaushe ɓera abokin gaba ne. Shi ne mai ɓarnar hatsi a rumbu, mai gwaguye tufafi a adaka, kuma ko a karin magana da sata aka san shi, tun da akan ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Saboda haka mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa a ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kiwon ɓera don sha'awa, har suna koya masa ya bi ɗan abin da aka gangara masa, ya ɗauko, ya kawo hannun ubangidansa kamar yadda kare yake yi. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake wannan horo da ƙa'idojin da aka gina shi a kansu. Za mu ga cewa ƙarfi ba ya da amfani a cikinsa. Abin da yake aiki shi ne rarraba darasi ƙanana-ƙanana, da ba da tukuici a kan kari, da sanin halin da aka halicci dabbar da shi.

Wane ɓera ake nufi?

Ɓeran da ake kiwo shi ne wanda masana suke kira Rattus norvegicus. An fara kiwonsa a Ingila a ƙarni na 19, zamanin da ake kama ɓeraye da yawa ana zuba wa karnuka a fage don caca. Wani mai suna Jack Black, wanda ya yi suna a Landan a matsayin mai kama wa Sarauniya Biktoriya ɓeraye, yakan ware masu launi na daban, ya hayayyafa su, ya sayar wa masu sha'awa. A 1976 masu wannan kiwo suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Ingila. Daɗewar da irin ya yi a hannun mutane ta sa ya yi laushin hali, ya daina tsoron hannu. Yakan rayu shekara 2 zuwa 3. Idonsa ba ya gani sosai, amma hancinsa da kunnensa da gashin bakinsa suna cike masa wannan giɓi, kuma da almuru da dare ya fi kuzari.

Wajibi ne a ja kunne a nan. Wannan ɓera daban yake da ɓerayen da suke yawo a gidajenmu da gonakinmu. Ɗaya daga cikin namu, Mastomys natalensis, shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau. Kada wani ya karanta wannan maƙala ya tafi ya kama ɓera a ɗakin girki da niyyar gwaji.

Tushen horon

A 1898 wani masanin halayya na Amurka, Edward Thorndike, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da kyanwoyi. Yakan kulle kyanwa mai jin yunwa a akwati, ya ajiye abinci a waje. Da farko sai ta yi ta kame-kame har ta taɓa sakata bisa kuskure, ƙofa ta buɗe. Da aka yi ta maimaitawa sai lokacin fitarta ya riƙa raguwa. Ƙa'idar da ya fitar ita ce, duk aikin da daɗi ya biyo bayansa, dabba za ta ƙara yin sa.

B. F. Skinner ne ya faɗaɗa wannan ƙa'ida. A Jami'ar Minesota ya horar da wani farin ɓera da ya sa wa suna Pliny, wanda mujallar Life ta buga hotunansa a 1937. Pliny yakan ja igiya, ɗan ƙwallon gilas ya faɗo, ya ɗauke shi da ƙafafunsa na gaba, ya kai shi bakin wani bututu mai tsawon inci 2 daga ƙasa, ya jefa a ciki, sa'an nan abinci ya fito. Babu ɓeran da zai yi wannan jerin ayyuka da kansa ko da za a shekara ana jira. Skinner ya kai ga haka ne ta hanyar ba da tukuici a kan abin da ya yi kusa da abin da ake so, sa'an nan ya riƙa matsa sharaɗi kaɗan-kaɗan. Wasan ɗauko abu ƙanen aikin Pliny ne.

Matakan horon

Mataki na farko shi ne sabo. Ɓera dabba ce da ake farauta, don haka yana ɗari-ɗari da duk wani baƙon abu. Sai ya kai yana hawa hannu da kansa, yana cin abinci a tafin ubangidansa, kafin a fara darasi.

Na biyu shi ne kafa alama. Dabba tana danganta tukuici da abin da take yi a daidai lokacin da ya zo. In ɓera ya ɗaga ƙwallo, mai horo ya tsaya laluben aljihu, kafin ya miƙa abinci ɓeran ya riga ya saki ƙwallon yana sosa kunne, to susar kunne aka saka wa. Maganin wannan shi ne a sami wata gajeriyar ƙara, ko ta ɗan ƙarfen da ake dannawa ya yi ƙas, ko kalma guda da ba ta canzawa. A yi ƙarar, a ba da abinci, a maimaita sau da yawa har ɓeran ya gane cewa ƙarar albishir ce. Daga nan ƙarar ce za ta riƙa faɗa masa wane motsi ne ya dace, abinci ya biyo baya.

Na uku shi ne ɗaukar abin. A zaɓi abu mara nauyi wanda bakinsa zai iya kamawa, kamar dunƙulalliyar takarda ko murfin kwalba na roba. Da farko ko shinshinawa ya yi a ba shi tukuici. In ya saba, a daina biyan shinshina sai ya sa haƙori. Daga nan sai ya ɗaga. Ƙa'ida ita ce kada a tsallake mataki, kuma in ya rikice a koma wanda ya gabata.

Na huɗu, kuma mafi wuya, shi ne sakin abin a hannu. Gwanayen horo sukan fara koyar da ƙarshen wasan kafin farkonsa. Watau da zarar ya ɗaga ƙwallon sai a shimfiɗa tafin hannu ƙarƙashin haɓarsa, a nuna masa abinci. Baki ɗaya gare shi, dole ya saki ƙwallon kafin ya ci, ƙwallon kuwa a tafi zai faɗa. Nan take a yi ƙara. In wannan ya zauna, sai a matsar da hannu taƙi ɗaya, sa'an nan taƙi biyu, har ya zama sai ya tako da ƙwallon a baki. Amfanin farawa daga ƙarshe shi ne kullum ɓeran yana tafiya ne zuwa ga abin da ya riga ya iya.

Na biyar shi ne nisa. A gangara ƙwallon a ƙasa maimakon a cilla shi sama, domin idon ɓera ba zai bi abin da ke cikin iska ba, amma kunnensa zai bi ƙarar gangarawa. Darasi kada ya wuce kamar minti 5, a yi shi da yamma kafin babban abincinsa, a kuma tashi a kan nasara. Idan wasan ya kama jikinsa sai a daina biya kowane karo, gama Skinner ya nuna cewa aikin da ake biya jefi-jefi ya fi wanda ake biya kullum daɗewa bai gushe ba.

Inda hali yake shigowa

Ɓera mai tara kaya ne. Ɗaukar abu a baki a cikin jininsa take, kuma wannan ne ya sa rabin wasan yake zuwa da sauƙi. To amma jinin nan bai ce masa ya kai wa mutum ba, cewa ya yi ya kai rami. Shi ya sa mafi yawan masu horo sukan tarar ɗalibin nasu ya ɗauki ƙwallo ya shige ƙarƙashin kujera. Bahaushe ya lura da wannan hali a jikin 'yar uwarsa, inda ya ce gafiya tsira da na bakinki.

Masana sun san wannan matsala. A 1961 Keller Breland da matarsa Marian, waɗanda suka yi karatu a hannun Skinner, suka ba da rahoton aladun da suka koya wa ɗaukar kuɗin katako suna jefawa a asusu. Aladun sun iya sarai, amma bayan 'yan makonni sai suka fara yar da kuɗin a hanya suna turbuɗa su da hanci kamar masu tonon saiwa, ko da yake hakan yana jinkirta musu abinci. Halin asali ya rinjayi horo. Mai hikima ba ya faɗa da wannan, kewaye shi yake yi. Yakan yi darasi a fili inda babu lungu, ta yadda jikinsa ne kaɗai maɓoya. Ba ya shafa wa ƙwallon abinci, don kada ɓeran ya ɗauke shi dukiyar ɓoyewa. Yakan kuma ba da tukuicin lasa a cokali, kamar kindirmo ko damammen ayaba, domin in an ba shi ƙwayar gyaɗa warcewa zai yi ya gudu da ita.

Duka da tsawa kuwa ba su da gurbi. Azaba tana iya hana dabba wani aiki na ɗan lokaci, amma ba ta nuna mata abin da ake so, kuma tana rushe sabon da aka gina a matakin farko. Har ma ba kullum ake bukatar abinci ba. A 2019 masana a Jami'ar Humboldt ta Balin suka koya wa ɓeraye wasan ɓuya, ladan da suke ba su kuwa cakulkuli ne da wasa da hannu kawai.

Daga wasa zuwa ceton rai

Kada a ɗauka duk wannan shagala ce ta masu hali. Bart Weetjens, ɗan ƙasar Beljiyam wanda ya yi kiwon ɓeraye yana yaro, ya kafa ƙungiyar APOPO a 1997, kuma tun 2000 cibiyar horonta tana Jami'ar Aikin Gona ta Sokoine a Morogoro, Tanzaniya. Dabbar da suke horarwa 'yar uwar gafiyarmu ce ta kusa, kuma hanyar ita ce wadda muka bayyana, watau ƙara da tukuicin ayaba ko gyaɗa. Ana koya mata ta shinshino nakiyar da aka binne a ƙasa ta yi tono a wurin, kuma rashin nauyinta ya sa nakiyar ba ta tashi in ta taka. Gafiyoyin sun yi aiki a Mozambik, wadda aka bayyana ta rabu da sanannun filayen nakiya a 2015. Wani burgu mai suna Magawa ya gano nakiyoyi 71 da wasu abubuwan fashewa 38 a Kambodiya kafin ya yi ritaya a 2021. Wasu kuma an horar da su suna gano tarin fuka a kakin marasa lafiya.

Kammalawa

Ɗaliban harshe sun san Skinner ta wata fuska. A 1957 ya buga littafi yana mai cewa da irin wannan hanya ta tukuici ɗan Adam yake koyon magana, a 1959 kuma Noam Chomsky ya mayar masa da martani cewa yaro yana ƙirƙiro jimlolin da bai taɓa ji ba, balle a saka masa a kansu. Mutum ba ɓera ba ne, kuma ba za a bayyana harshe da keji da gyaɗa ba. Duk da haka da yawa daga cikinmu aji za mu shiga bayan mun gama karatu, kuma akwai abin ɗauka. Mai horar da ɓera ba ya da bulala, ba ya kuma iya cewa ɗalibinsa daƙiƙi ne ya huta. In darasi ya ƙi shiga, tambayar kansa yake yi ko matakin ya yi faɗi, ko yabon ya makara, ko kuwa ya nemi abin da ya saɓa wa halin mai koyo. Malamin da ya riƙe waɗannan tambayoyi uku zai rage ɗora wa ɗalibansa laifin da ba nasu ba.