YAƘI DA ƁERAYE A CIKIN GIDA: YADDA AKE AMFANI DA AKWATIN GUBA BA TARE DA CUTAR DA IYALI BA

A duk shekara, da zarar an kammala girbi aka kai amfanin gona gida, ɓeraye kan baro gonaki da dazuzzuka su biyo hatsi zuwa rumbuna da ɗakunan kwana. Ƙonar daji da ake yi da rani tana ƙara koro su zuwa cikin gari. A irin wannan lokaci ne magidanta da dama kan je kasuwa su sayo maganin ɓera, su cuɗa shi da tuwo ko kifi ko gyaɗa, su ajiye a kan faifai ko fasasshen kwano a bayan ƙofa. Wannan al'ada ta sha jawo asarar kaji da awaki, har ma da rayukan ƙananan yara. Dalili ke nan da muka shirya wannan bayani domin jama'ar karkara da hakimai da dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙananan hukumomi, don a fahimci hanyar da ta fi dacewa, wato sanya guba a cikin rufaffen akwati wanda ɓera kaɗai ke iya shiga.

DALILIN DA YA SA ABIN YA SHAFI KOWA

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya a kan hatsin da yake ci ba. Abin da yake lalatawa da fitsari da kashi ya fi abin da yake ci yawa. Yana huda buhuna, yana cinye tufafi da littattafan karatun yara, yana kuma gwigwiyar wayar lantarki, abin da kan haddasa gobara. Ga shi da saurin hayayyafa: macen ɓeran gida takan haihu bayan kimanin makonni uku da ɗaukar ciki, 'ya'yan kuma kan isa haihuwa cikin kimanin makonni shida zuwa takwas. Saboda haka ɓeraye biyu da aka ƙyale a farkon kaka za su iya cika gida kafin saukar damina.

Babban abin tsoro shi ne cuta. An fara gano zazzaɓin Lassa a shekarar 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, kuma daga sunan garin cutar ta samo sunanta. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar. Shi ba ta yi masa komai, amma yana zubar da ita a cikin fitsarinsa da kashinsa, mutum kuma ya kamu idan ya ci abinci ko ya taɓa kayan da suka gurɓata. Alamomin kan bayyana cikin kwanaki 21 ko ƙasa da haka, kuma da farko suna kama da na zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, ciwon maƙogwaro da kasala. Wasu daga cikin waɗanda suka warke kan sami matsalar ji. Cutar ta fi yaɗuwa da rani, daga wajen watan Disamba zuwa Afrilu, kuma jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba suna daga cikin waɗanda ta fi addaba a shekarun baya-bayan nan.

MENE NE AKWATIN GUBA?

Akwatin guba ɗan ƙaramin mazubi ne mai murfi, da ƙofofi biyu ƙanana a gefe da gefe, inda ake ajiye abincin da aka haɗa da guba. Amfaninsa guda huɗu ne. Na ɗaya, yana hana yara da kaji da dabbobi kaiwa ga gubar. Na biyu, yana kare ta daga ƙura da laima. Na uku, ɓera dabba ce mai son duhu da matsatsin wuri, don haka ya fi sakin jiki ya ci a cikin akwati fiye da a fili. Na huɗu, maigida zai iya buɗewa ya ga yawan abin da aka ci, ya san ko aikin yana tafiya.

Akwai na roba mai kulle da ake sayarwa a shagunan kayan noma na birane. Wanda bai samu ba, kafinta na iya haɗa masa na katako, mai tsawon kimanin taƙi ɗaya da rabi, da murfin da ake ɗaurewa da waya ko ƙaramin kwaɗo. Haka kuma ana iya amfani da guntun bututun ruwa na roba mai tsawon kamu ɗaya, a tura gubar can tsakiya inda hannun yaro ko bakin kaza ba zai kai ba. Ga ƙananan ɓeraye, ƙofa mai faɗin santimita biyu zuwa uku ta wadatar. Ga manya kuwa, sai ta kai santimita shida zuwa bakwai. Kowane iri aka zaɓa, wajibi ne a kafe shi da ƙusa ko a danne shi da bulo don kada a ɗaga shi gubar ta zube. A kuma rubuta “GUBA” a jikinsa da boko da ajami.

IRE-IREN GUBA

Gubar ɓera iri biyu ce, kuma sanin bambancinsu yana da muhimmanci.

Iri na farko shi ne mai kashewa nan take, cikin 'yan sa'o'i. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne wanda ake rubuta zinc phosphide a jikin kwalinsa, wani baƙin gari mai wari kamar tafarnuwa. Idan ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iska mai guba. Ba shi da makari, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe yaro. Bugu da ƙari, ɓeran da ya ɗanɗana bai mutu ba yakan ƙaurace wa abincin daga ranar, sai a ga an kashe 'yan kaɗan sauran sun ci gaba da ɓarna. Ba mu ba da shawarar amfani da wannan iri a cikin gida ba.

Iri na biyu shi ne mai hana jini daskarewa. Ɓeran da ya ci yakan mutu bayan kwanaki uku zuwa bakwai, wani lokaci har goma, sakamakon zubar jini ta ciki. Da yake ba ya jin ciwo nan da nan, ba ya danganta rashin lafiyar da abincin, sai ya ci gaba da ci shi da 'yan'uwansa. Warfarin ne aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1940, daga baya a shekarun 1970 aka samar da masu ƙarfi irin su bromadiolone da brodifacoum, bayan an lura ɓeraye a wasu ƙasashe sun daina jin na farkon. Ana sayar da su a matsayin ƙwayoyi ko dunƙulallen kakin zuma mai launin shuɗi ko kore ko ja. Mai dunƙule ya fi dacewa, domin ana iya zura masa waya a ɗaure shi a cikin akwati, ɓera ba zai ɗauke shi ya kai cikin buhun hatsi ba. Wannan iri yana da makari a asibiti, wato bitamin K1.

Muna jan hankalin jama'a da su sayi wanda ke cikin kwalinsa na asali, mai suna da ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Abin da ake kira shinkafar ɓera, wanda 'yan talla ke sayarwa a ƙulle-ƙullen leda ba suna ba lamba, mai saye ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki, likita ma haka idan aka kawo masa wanda ya ci. Haka nan ƙwayar da ake sawa a ma'ajiyar hatsi don kashe ƙwari ba maganin ɓera ba ce. Iskar da take fitarwa tana iya kashe mutanen da ke barci a ɗaki, don haka kada a kuskura a sa ta a inda ake kwana.

INDA ZA A AJIYE AKWATIN

Ɓera ba ya ratsa tsakiyar ɗaki sai dole, gindin bango yake bi. Kafin a ajiye akwati, a duba inda ake ganin kashinsa, da baƙin maiƙon da jikinsa ke bari a jikin bango, da bakin ramuka. A jingina akwatin da bango ta yadda ƙofofinsa biyu za su kasance a kan hanyar tasa. Ƙaramin ɓeran gida ba ya nisa da sheƙarsa, sau da yawa bai wuce mita uku zuwa goma ba, kuma yana cin abinci kaɗan-kaɗan a wurare da yawa. Saboda haka akwatuna da dama masu guba kaɗan, a tazarar mita biyu zuwa huɗu, sun fi akwati ɗaya cike da guba amfani. Ga manyan ɓeraye ana iya barin tazarar mita biyar zuwa goma.

Wuraren da suka dace su ne bayan rumbu da ƙarƙashinsa, gindin katanga, bayan randa, ɗakin ajiya da kusa da bakin rami. Kada a ajiye a kan buhun hatsi, ko kusa da tukunyar abinci, ko bakin rijiya, ko inda yara ke wasa. A madafa da ɗakin da jarirai ke kwana, tarko ya fi guba dacewa.

KULAWA BAYAN AN AJIYE

1. Babba ne kaɗai zai zuba guba, sanye da safar hannu ko leda, sa'annan ya wanke hannu da sabulu. Kada a ci goro ko abinci ana cikin aikin.

2. A zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwali. Ƙari a kan haka asarar kuɗi ne da ƙarin haɗari.

3. A duba akwatin bayan kowane kwana biyu ko uku, a ƙara inda aka cinye, a sauya wanda ya jiƙe ko ya yi funfuna.

4. A yi haƙuri. Manyan ɓeraye suna tsoron baƙon abu, suna iya yin kwanaki kafin su shiga. Idan aka yi mako guda ba a taɓa ba, sai a sauya wa akwatin wuri.

5. A ci gaba har makonni biyu zuwa uku. Idan aka daina ci, aka kuma daina ganin sabon kashi, a kwashe ragowar gubar a mayar cikin kwalinta, a kulle a inda yara ba sa kaiwa. Kada a juye ta a kwalbar lemo ko gwangwanin madara.

MUSHEN ƁERA

Kowace safiya a zagaya gida a nemi mushe. Kada a taɓa shi da hannu tsirara. A ɗauka da shebur ko leda, a binne a rami mai zurfin akalla rabin mita, nesa da rijiya. Jefa shi a juji ko bayan katanga kuskure ne, domin kyanwa ko kare ko shirwa ko mujiya da suka ci za su iya mutuwa, alhali kuwa su ne ke taimaka mana wajen rage ɓeraye. Kazar da ake zaton ta ci guba kada a yanka ta a ci. Kashin ɓera kuma ba a share shi a bushe, don kada a shaƙi ƙurarsa. A fara jiƙa shi da ruwan bilic, awo ɗaya a cikin awo tara na ruwa, sa'annan a kwashe.

IDAN WANI YA CI GUBA

A garzaya da shi asibiti mafi kusa nan take, tare da kwalin gubar. Kada a ba shi manja ko madara ko ruwan gishiri, kada kuma a tilasta masa yin amai. Ko da yaro bai nuna wata alama ba, a kai shi, domin mai hana jini daskarewa ba ta nuna kanta sai bayan kwana ɗaya ko fiye, ta hanyar haɓo, zubar jini daga dasashi ko jini a fitsari. Haka kuma duk wanda ya yi zazzaɓin da bai ji maganin cizon sauro ba, a hanzarta kai shi asibiti a duba. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana da layin kira kyauta, 6232.

GUBA KAƊAI BA TA ISA BA

Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin akwai ragowar tuwo a buɗe da hatsi a warwatse, ɓera ba zai kula akwati ba, kuma ko an kashe na gida wasu za su maye gurbinsu. A riƙa rufe abinci da ruwan sha a mazubi mai murfi. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango. A daina shanya gari ko rogo ko barkono a ƙasa ko gefen titi. A nome ciyawar gindin katanga, a kai shara nesa da gida. A toshe ramuka da siminti ko laka da aka cuɗa da fasassun kwalabe, domin ƙaramin ɓera na iya wucewa ta kafar da fensir zai shiga. Matasa kuma su daina farautar ɓera da cin namansa.

KIRA GA SHUGABANNI DA MA'AIKATA

Ɓera bai san katangar maƙwabci ba. Gida ɗaya da ya yi aikin shi kaɗai zai sake cika cikin 'yan makonni. Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su tsayar da lokaci guda, musamman daf da shigo da amfanin gona, da dukkan gidajen unguwa za su yi shara, su toshe ramuka, su ajiye akwatuna tare. Ma'aikatan duba-gari da malaman gona su nuna wa jama'a yadda ake haɗa akwati, su kuma sa ido a kan masu tallar gubar da ba ta da rajista a ranakun kasuwa. Limamai da malaman makarantu su tunatar da iyaye da yara cewa akwatin da aka rubuta wa “GUBA” ba abin wasa ba ne.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mana iyalanmu da amfanin gonarmu, amin.